Makarantar Gwamnati ko ta Mishan? Tambayoyin da Iyaye Kiristoci Suke Yawan Yi

Da zarar watan Satumba ya ƙarato, maganar nan takan taso a taron zumuntar mata, a bakin majami'a bayan an tashi sujada, har a ofishin fasto. Wasu suna ganin kai yaro makarantar gwamnati sakaci ne da amanar da Allah ya ba iyaye. Wasu kuwa ko sun so ba su da wata makarantar da za su kai shi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin iyaye Kiristoci na arewacin Najeriya, da amsoshinsu.

Shin Littafi Mai Tsarki ya hana mai bi kai ɗansa makarantar gwamnati?

Bai hana ba, bai kuma umarta ba. Makaranta irin ta yau, mai aji da allo da jarrabawar ƙarshen zango, ba ta zo ba tukuna a zamanin da aka rubuta shi. Abin da ya faɗa ƙarara shi ne wanda tarbiyyar yaro ta rataya a wuyansa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce iyaye su riƙa koya wa 'ya'yansu maganar Allah suna zaune a gida, suna tafe a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Afisawa 6:4 ta kira ubanni kai tsaye, ta ce su goyi 'ya'yansu cikin horo da gargaɗin Ubangiji. Wannan nauyi ba ya sauka daga kanku ranar da kuka biya kuɗin makarantar mishan, kuma ba wanda ya ƙwace muku shi ranar da kuka kai yaro firamaren unguwa.

Masu goyon bayan makarantar gwamnati sukan kawo misalin Musa, wanda Ayyukan Manzanni 7:22 ta ce an koya masa dukan hikimar Masarawa, da Daniyel da ya yi shekara uku yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa a fadar Babila. Misalan suna da amfani, amma a faɗe su da gaskiya. Daniyel kamammen yaƙi ne, ba iyayensa suka zaɓa masa wurin ba, kuma ya isa can da bangaskiyar da ta riga ta kafu, har ya iya ƙin abincin sarki. Abin da labarinsa ya nuna shi ne ilimin da ya fito daga hannun wanda ba mai bi ba ba ya ƙazantar da mutum. Timoti kuwa, wanda ubansa Bahelene ne, a wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya, ya san Littattafai tun yana ƙarami.

Don haka wannan yana cikin al'amuran da ya kamata a bi da su irin yadda Romawa 14 ta koyar, kowa ya tabbata a lamirinsa, kada kuma ya hukunta ɗan'uwansa. Duk mai wa'azin da ya ce wa matalauciyar uwa ta yi zunubi don ta kai ɗanta makarantar gwamnati, ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora mata ba.

To me ya sa maganar take da zafi haka a tsakaninmu?

Domin akwai tsohon ciwo a ƙarƙashinta. Kiristocin Arewa da yawa ta ƙofar mishan suka shiga boko. A Wusasa kusa da Zariya, makarantar mishan ta CMS ta yaye mutane irin su Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A Gindiri mishan SUM ta kafa makarantun da har yau ake alfahari da su a Filato, a Waka kusa da Biu kuma mishan ɗin 'Yan'uwa ta yi nata. A waɗannan wurare karatu da sujada da aikin hannu tafiya ɗaya suke yi, malamin aji sau da yawa shi ne mai wa'azin ranar Lahadi.

Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da dama, aka sauya wa wasu suna. A Kaduna, St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Sannan aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, yara suka cika ajujuwa fiye da yadda malamai da gine-gine za su iya ɗauka. Dattawan da suka ga makarantun nan a da, suka kuma gan su yanzu, suna da dalilin baƙin ciki. Wasu jihohin kudu sun mayar wa ikilisiyoyi makarantunsu, kamar yadda Anambra ta yi a 2011, kuma har yanzu ana wannan kira a Arewa.

Amma tarihin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, ya kuma yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka sani da Barewa, tare da 'ya'yan Musulmi. Ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, ta bazu cikin makarantun gwamnati, fastoci da dattawa masu yawa na yau a can suka ba da ransu ga Almasihu.

Za a iya tilasta wa ɗana darasin addinin da ba nasa ba?

A doka, a'a. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa duk wanda yake wurin karatu ya karɓi koyarwar addini, ko ya halarci wata ibada ko bikin addini ba, idan ba addininsa ba ne ko kuma iyayensa ko mai riƙonsa ba su amince da shi ba. Wannan doka ta ƙasa ce baki ɗaya, tana aiki a Zamfara kamar yadda take aiki a Binuwai. Ku rubuta lambar sashen ku ajiye, domin magana da hedimasta takan sauya salo idan ya ga kun san abin da kuke faɗa.

Ku kuma tuna dokar kowa take karewa. Yaron Musulmi da yake makarantar da Kiristoci suka fi yawa yana da haƙƙin nan daidai da na ɗanku. Ba za mu nemi adalci a Katsina mu hana shi a Kafanchan ba. Idan doka na nan amma ba a bin ta a makarantarku, ku duba amsa ta gaba.

Makarantarmu ba ta da malamin CRK, wato darasin addinin Kirista. Me zan yi?

Wannan shi ne kukan da ya fi kowanne yawa a jihohin da Kiristoci ba su da rinjaye. Yadda abin yake faruwa sananne ne: an buga ƙararrawar darasin addini, malamin IRK, wato darasin addinin Musulunci, ya shigo, yara Kiristoci biyar ko shida suka fita suka zauna a gindin darbejiya da jakunkunansu a cinya har a gama, ko kuma su zauna a bayan aji shiru don ba wanda ya ce musu komai. Yaron da ya yi shekara shida a haka yakan soma ji kamar shi baƙo ne a makarantar garinsu. Wannan ya fi rashin darasin kansa ciwo.

Kada ku je ku kaɗai, kada kuma ku fara da faɗa. Ku nemo sauran iyaye Kiristoci, ku rubuta sunayen yaran da ajujuwansu, ku kai takarda ga shugaban makaranta cikin ladabi, ku riƙe kwafi. Sau da yawa amsarsa ita ce ba a turo masa malami ba, kuma yakan zama gaskiya ne, domin ba shi yake ɗaukar ma'aikata ba. Daga nan takardar ta wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin tushe ta jiha (SUBEB) idan firamare ce ko ƙaramar sakandare, ko ma'aikatar ilimi ta jiha idan babbar sakandare ce, tare da reshen Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na yankin. Darasin yana cikin manhajar ƙasa. Ko a 2017, da aka yi ce-ce-ku-ce kan cusa shi tare da wasu darussa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, gwamnatin tarayya ta umarta a raba CRK da IRK kowanne ya tsaya da kansa. Ba alfarma kuke roƙo ba.

Kafin a turo malami, ku nemi izini a rubuce wani ƙwararre daga ikilisiya, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo makarantar, ya riƙa ɗaukar yaran a lokacin darasin. Shugabannin makarantu da dama sukan yarda idan an zo musu ta hanyar da ta dace. Idan kuna so yaro ya rubuta darasin a WAEC ko NECO, ku tayar da maganar tun yana SS1, ba lokacin da aka soma rajista ba.

Idan aka ce 'yata ta sa hijabi a matsayin inifom fa, ko a tsaya addu'ar wani addini a taron safe?

Ku tambayi wannan tun kafin ku yi rajista, ku ga inifom ɗin da idonku. Suturar mutunci ba abin gardama ba ce a wurinmu, matanmu ma suna ɗaura kallabi su shiga sujada. Inda matsala take shi ne a tilasta wa yarinya abin da alamar wani addini ne, ko a sa yaro ya maimaita kalmomin ibadar da ba tasa ba. A nan sashe na 38 da aka ambata a sama yana bayanku. Ku koya wa yaro ya tsaya shiru cikin girmamawa idan wasu suna addu'arsu, ba dariya, ba tsokana, ba kuma sai ya furta abin da bai gaskata ba.

Makarantar kuɗi mai sunan Kirista ba ta fi aminci ba?

Wata ta fi, wata ba ta kama ƙafar ta gwamnati ba. Akwai makarantun ikilisiya da suka riƙe amana, malamansu ƙwararru ne, ana sujada da gaske, ana kuma karatu da gaske. Idan akwai irin wannan kusa da ku, kuma kuna da hali, ku kai yaro da zuciya ɗaya. Amma suna daga Littafi Mai Tsarki a allon ƙofa ba shaida ba ce. Akwai waɗanda gida ne mai ɗaki huɗu aka mayar makaranta, malaman ba su da NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa a ƙasar nan, albashinsu bai kai ya riƙe su zango biyu ba, yaro ya ga malamin lissafi uku a shekara ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantun da ake rera waƙar yabo da safe, a kuma karɓi kuɗin satar amsa lokacin WAEC. Yaron da ya ga shugaban makarantarsa ya buɗe taro da addu'a, bayan mako biyu ya ga an rubuta musu amsa a allo, ya koyi cewa bangaskiya da gaskiya ba lalle su haɗu ba. Wannan darasi ya fi duk wani abin da kuke tsoro a makarantar gwamnati illa, domin da sunan Yesu aka koyar da shi. Ku tambayi iyayen da 'ya'yansu suka gama a can yadda ake jarrabawa, za ku ji.

Amma kowa ya san karatu ya lalace a makarantun gwamnati. Ba cutar da yaro ba ne?

Ba za a ɓoye wannan ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya kan yadda aka yi gwajin, amma ba wanda ya yi musun cewa akwai matsala. Ajin da yara suke zaune a ƙasa, rufin da iska ta yaye, yajin aiki, duk mun san su. Sai dai "makarantar gwamnati" ba abu ɗaya ba ne. Akwai makarantun kimiyya na jihohi da ake shiga ta jarrabawa, akwai makarantun haɗin kai na tarayya sama da 100 da ake shiga ta jarrabawar da NECO take shiryawa, akwai firamaren ma'aikata a jami'o'i da barikoki, akwai kuma firamaren ƙauye da hedimasta ɗaya mai kishi ya tsayar da ita da ƙafafunta.

Gani ya kori ji. Ku je makarantar ranar Talata ko Laraba, bayan an dawo tara, ba tare da kun sanar ba. Ku zaga ku ga ajujuwa nawa ne suke da malami a tsaye. Ku roƙi littafin rubutun wani ɗan aji huɗu ku buɗe: akwai kwanan wata a jere, akwai jan biron malami, ko shafi uku ne kawai aka rubuta tun farkon zango? Ku ba yaron wani layi ya karanta muku da Hausa ko Turanci. Ku leƙa bayan gida, musamman idan 'ya mace za ku kawo. Irin wannan ziyara ita ce kuma za ku kai makarantar kuɗi, ba ragi.

An ce mu ne gishiri da hasken duniya. Ba dalili ba ne na barin yaranmu a can?

Dalili ne, amma a kan manya ya fi sauka. Ɗan shekara bakwai ba mai bishara ba ne, yaro ne da ake kan ginawa, bai kamata a tura shi da aikin da ubansa yake jin nauyin yi ba. Waɗanda Matiyu 5:13-16 ta fi kira zuwa makarantar gwamnati su ne malamai Kiristoci da za su zo aji a kan lokaci, su ƙi karɓar na goro, da iyayen da za su zauna a taron PTA da kwamitin kula da makaranta na SBMC. Saurayi ko budurwa a babbar sakandare, wanda ya riga ya san abin da ya gaskata, shi kam zai iya zama shaida ta halinsa, FCS ko YCS ta 'yan Katolika kuma za ta riƙe shi.

Ina tsoron abokan da zai yi.

Tsoron yana da tushe. 1 Korantiyawa 15:33 ta yi gargaɗi a kai, Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai a rarrabe mugun aboki da abokin da addininku ya bambanta. Shaye-shaye da hotunan batsa a waya da ƙungiyoyin asiri ba su tambayar addinin yaro, ba su kuma tsaya a ƙofar makarantar mishan ba. Yaron Musulmi mai tarbiyya da yake zaune benci ɗaya da ɗanku, suna aron biro suna raba ƙosai, ba shi ne haɗarin ba. A garuruwa irin Kaduna da Jos, inda rikici ya raba unguwanni, aji yana cikin 'yan wuraren da suka rage da yaranmu da na Musulmi suke sanin juna da suna. Idan wannan ma ya tafi, za su girma ba su san juna ba sai ta labarin tashin hankali.

Ku san abokansa, ku ce ya kawo su gida su ci abinci. Ku koya masa tun da wuri cewa ba a zagin addinin kowa ko abin da wani yake girmamawa, ko da wasa, ko a zauren WhatsApp na aji. Ya iya faɗin abin da ya gaskata idan an tambaye shi, cikin tawali'u, ya kuma san lokacin da zai yi shiru ya zo ya gaya muku.

Makarantar kwana fa? Hukuncinsu ɗaya da ta je-ka-ka-dawo?

Ba ɗaya ba ne. Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne a kan cewa yaro yana dawowa gida kullum, kuna ganin fuskarsa, kuna jin abin da aka koya masa, kuna addu'a tare da dare. A makarantar kwana wata uku ne siniyoyi suke renonsa. A ganina yaron da bai kai ya ce a'a ga wanda ya girme shi ba, ko bai saba gaya muku abin da yake damunsa ba, bai isa kwana ba, ko ta mishan ce. Idan dole ne, saboda babu sakandare a kusa, ku tabbatar ana sujada ranar Lahadi, akwai FCS mai rai da malamin da yake kula da ita, ku karɓi lambar wayarsa, kada kuma ranar ziyara ta wuce ku.

Da satar ɗalibai da ake yi, wacce ta fi tsaro?

Masu satar ba su duba allon ƙofa. Chibok, inda aka kwashe 'yan mata 276 a watan Afrilun 2014, makarantar gwamnati ce. Haka Dapchi a 2018, inda aka riƙe Leah Sharibu bayan an sako sauran, haka Ƙanƙara a Disambar 2020. Amma Bethel ta Baptis da ke ƙaramar hukumar Chikun a Kaduna, inda aka ɗauki ɗalibai sama da 120 a watan Yulin 2021, ta ikilisiya ce. Abin da ya haɗa su shi ne yara da yawa suna kwana wuri ɗaya ba isasshen tsaro. Don haka tambayar ita ce ina makarantar take: nisanta da daji, ko tana da katanga, ko akwai sabis na waya, ko jami'an tsaro za su iya isowa da wuri, da abin da mutanen garin suke faɗa game da hanyar. Inda ake ɗar-ɗar, ta je-ka-ka-dawo a cikin gari ta fi, ko da karatunta bai kai na waccan ba.

Na ji masu wa'azin Amurka a YouTube suna cewa a cire yara a koyar da su a gida. Mu ma haka za mu yi?

Ku fahimci inda maganarsu ta fito. A 1962 da 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta hana makarantun gwamnati shirya addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada, daga baya kuma aka shiga jayayya kan abin da ake koyarwa game da asalin halitta da jinsi da aure. A kan wannan ƙasa suke tsaye. Namu daban ne: a nan addini darasi ne a manhaja, damuwarmu ita ce a samo malaminsa. Koyarwa a gida tana bukatar uwa ko uba mai ilimi da zai zauna yini guda, da littattafai, da hanyar da yaro zai bi ya rubuta jarrabawar ƙasa. Gidan da uba yana gona uwa tana kasuwa, "cire shi" yakan ƙare ne da yaro yana talla. Dokar UBE ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi shekara tara na ilimin tushe, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne sa ido: ku buɗe littattafan yaranku ku karanta abin da ke ciki.

Kuɗina ba zai kai duka yaran makarantar mishan ba. Wa zan kai, wa zan bari?

Ku fara da lissafi na gaskiya, ba kuɗin zango kaɗai ba, har da inifom, littattafai, kuɗin mota, lesin, da bikin ƙarshen shekara. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, da 'ya'ya huɗu ko biyar, ba sai an gaya masa sakamakon ba. Yaron da ake kora gida kowane zango saboda bashi, ya yi makarantu uku a shekara uku, ya fi cutuwa a kan wanda ya zauna wuri ɗaya a ta gwamnati ana bibiyarsa. Kada ku ci bashin ruwa don a gan ku a sahun masu hali.

Idan ɗan abin da ke hannu na wasu shekaru ne kawai, ni a shekarun farko zan zuba shi, har kowane yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi sosai, domin mai iya karatu zai tsira a kusan kowace makaranta. Kuma kada a ce namiji ya tafi mai kyau, mace ta yi haƙuri. Yara suna lura da irin wannan rabo, ba sa kuma mantawa.

Ni ina son wata makaranta, maigidana ba ya so. Yaya za mu yi?

Mama, kada a yi gardamar a gaban yara, kada kuma a yi ta a kan "gwamnati" da "mishan" a baki. Ku je ku biyu ku ga makarantun da kuke magana a kansu, yadda aka bayyana a amsar lalacewar karatu, ku zauna da takardar lissafi, ku yi addu'a. Ku yanke na shekara ɗaya, da yarjejeniyar za ku sake dubawa. Idan ta ƙi ci, ku nemi dattijo ko tsohon malami a ikilisiya da ku duka kuke ganin girmansa.

Ikilisiya tana da abin yi a nan, ko na iyaye ne kaɗai?

Tana da shi, kuma da yawa. Yawancin yaran da suke cika makarantar Lahadi a ƙauyuka da unguwannin talakawa 'yan makarantar gwamnati ne, haka kuma za su ci gaba da zama. Majami'a tana da benci da allo da inuwa da suke zaune daga Litinin zuwa Juma'a, tana da malaman da suka yi ritaya da matasan da suka gama karatu suna jiran aiki. Lesin na yamma sau uku a mako, a koya karatu da lissafi da Littafi Mai Tsarki, ba ya bukatar gini. Ikilisiya ta ƙarfafa matasanta su shiga kwalejojin ilimi su karanci CRK, domin ba za mu yi ta kukan babu malami ba alhali ba mu tura kowa ya koya ba.

Akwai kuma maganar da membobi suke yi a ɓoye, gara a yi ta a fili. Makarantu da yawa da baikon talakawa da guminsu aka gina su, mata sun ɗebo ruwa, matasa sun buga bulo, yau kuma 'ya'yan waɗannan mutane ba sa iya shiga saboda kuɗi. Gaskiya ne sai an biya malamai, makaranta ba ta tafiya da fatan alheri. Amma Rabaran da dattawa suna iya ware gurabe a kowane aji don marayu da 'ya'yan gwauraye, a sanar da adadin a gaban jama'a kowace shekara.

Waɗanne alamu ne za su sa in cire shi ba tare da jinkiri ba?

Idan ana tilasta masa ibadar da ba tasa ba, kun kai ƙara har sama ba abin da ya sauya. Idan wani malami ko babba yana matsa wa yaro, musamman 'ya mace, ya bar bangaskiyarsa, ko yana jan ta da kyauta da keɓewa a ɓoye. Idan akwai duka mai rauni ko lalata, wanda wannan ba cirewa kaɗai ba, har da kai rahoto ga hukuma. Idan yaro mai fara'a ya koma shiru, yana ciwon ciki kowace safiyar Litinin, yana ɓoye sunansa na baftisma. Idan ya kai aji huɗu bai iya karanta jimla ba, kuma lesin bai taimaka ba. Waɗannan alamu duka suna aiki a kan makarantar mishan ma.

In ba gaggawa ba ce irin ta lalata ko barazana ga rai, ku bari zango ya ƙare, ku samo gurbi a sabuwar makarantar kafin ku fitar da shi daga tsohuwar. Ku karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamakonsa na duk zangunan da ya yi. Ku guji sauyi a JSS3 da SS3, domin rajistar jarrabawa a makarantar ake yin ta, makarantu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a ajin ƙarshe, WAEC kuma tana neman makin gwaje-gwajen da ya tara tun daga SS1.